Sulen kakata mai kwarmi a gefe: kuɗin gwaji ne ko jabu?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman a haska mini. Makon jiya muna kwashe kayan ɗakin kakarmu, Allah ya jiƙanta, sai muka tarar da wani ƙullin tsumma cikin kumbo a ƙasan adaka. Da muka kwance, tsabar kuɗin zamanin Turawa ne guda goma sha ɗaya: kwabbai masu huda shida, anini biyu, sisi ɗaya, sai sulalla biyu. Ɗaya daga cikin sulallan ne ya ɗaure mini kai. An rubuta 1938, kan sarki a gaba, bishiyar kwakwa a baya. Amma in ka duba gefensa sai ka ga kwarmi ya zagaye shi tsaf, kamar faifai biyu aka manne, kuma cikin kwarmin akwai wasu ƙananan ɗige-ɗige. Na nuna wa wani mai sayen tsofaffin kaya, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce wai kuɗin gwaji ne, 'yan ƙalilan Turawa suka buga don gwada inji, kuma a Landan zai yi miliyoyi. Sai dai in ba shi dubu arba'in kuɗin tantancewa da aikawa. Ban ba shi ba tukuna. Ga hotuna nan.

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Hajiya. Ƙanena, tun kafin masana su zo ni zan fara ba ka fatawa kyauta: riƙe dubu arba'in ɗinka. Wanda ya ga miliyoyi a hannunka ai saye zai yi da sauri, ba kuɗin mota zai nema ba.

Baban Anini:
Allah ya gafarta mata. Ɗana, na buɗe hoton na ƙara masa girma. Wannan sule ne na gaske, na kashewa, kuma miliyoyinsa aka buga. Ina da irinsa guda tara a gwangwanin madara. Sarkin da ke jiki Joji na shida ne. Kwarmin da ka gani ba manni ba ne, da gangan aka yi shi, kuma shi ne abu mafi daɗin labari a duk ƙullin naka.

Ga yadda abin ya faru. An kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingilishi a 1912, a 1913 ta fito da sule da fataka (sule biyu) da sisi da taro (kwabo uku) na azurfa. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, mutane kuma suna ɓoye ta ko su kai wa maƙera a yi mundaye, sai a 1920 aka koma buga su da wata tagulla mai ɗan haɗin kuza. To nan gizo ya yi saƙa. An kawo kuɗin tagulla ƙasar da zubin tagulla sana'ar gado ce. Abin da mutum ya iya zuba ƙararrawa da munduwa da shi, sule ne zai gagare shi? Jabu ya cika kasuwanni, musamman a kudu. Shi ya sa a 1938 aka sake haɗin ƙarfen, aka saka masa nikel, sannan aka yi wa sule da fataka wannan gefe mai kwarmi da ɗigo a ciki. Abin da ke hannunka martanin gwamnati ne ga masu jabu.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. Wato Baba ba ko kwabo ke nan?

Baban Anini:
Akwai kwabo mana, ai shida ka ce ka samu. Wasa nake. Zai sayi tsire, ba zai sayi babur ba.

Maƙerin Fari:
Bari in sa baki, don wannan fagen gidanmu ne. Ba wai mun taɓa zuba kuɗi ba, kada a kai ni gaba, amma duk wanda ya yi zubin zobe ya san inda kwarmin nan ke cizo.

In za ka kwaikwayi abu mai fuska biyu, yumɓu ko wani abu mai laushi kake samu, ka danna fuska ɗaya a ɓari guda, ɗayar a ɗaya ɓarin, ka cire asalin, ka haɗa ɓarorin, ka bar 'yar kafa ta zuba narkakken ƙarfe. Inda ɓarorin biyu suka haɗu, a nan ƙarfe ke ɗan tsiyaya ya bar zare. A sule wannan zaren daidai tsakiyar gefe yake fitowa. In gefen sumul ne ko mai haƙora, sai ka sa magagari ka goge, ka ɗan shafa masa toka da tsumma, shi ke nan. To sai Bature ya je ya haƙa kwarmi daidai inda zaren zai fito, ya jera ɗigo a ciki. Na farko, yumɓu zai shige kwarmin ya riƙe sulen, ba ka iya zare shi sai ka fasa wurin. Na biyu, ko ka yi dabara ya fita, magagari ba ya shiga ciki, in ya shiga kuma ya cinye ɗigon. Wallahi wanda ya tsara abin nan ya zauna da maƙera, ko kuwa an tara masa buhun jabu a gaba ya yi ta kallo har ya gano lagonsu.

Ɗalibin Bamingam:
Ƙarin bayani: wannan dabarar ta gefen kuɗi Isaac Newton ne ya ƙirƙiro ta lokacin da yake shugaban gidan buga kuɗi na Ingila.

Baban Anini:
A'a ɗana, wannan maganar ta yi yawo a intanet har ta zama kamar gaskiya. Newton ya shiga gidan buga kuɗi a 1696. Kuɗin inji masu haƙora da rubutu a gefe kuwa tun 1662 aka tsayar da su a Ingila, zamanin Sarki Charles na biyu, Newton yana ɗan makaranta. Wani Bafaranshe mai suna Peter Blondeau ne ya kawo hanyar rubutu a gefe. Kafin shi ma wani Bafaranshen, Eloi Mestrelle, ya buga wa Sarauniya Elizabeth ta farko kuɗi da inji tun 1561, masu buga kuɗi da guduma suka yi ta yi masa zagon ƙasa har aka sallame shi. Ƙarshensa abin tausayi da ban dariya: a 1578 rataye shi aka yi, laifinsa buga jabu.

Kuma ku lura, cutar da haƙora ke magani daban take da cutar da kwarmi ke magani. Kuɗin guduma na dā ba su da da'ira sosai, sai mutum ya sa almakashi ya ɗan yanki bakin kowane sulen azurfa, ya kashe shi a cikakken kuɗinsa, ya tara ɓarɓashin ya narka. Tun 1247 Sarki Henry na uku ya sa aka ja gicciyen da ke bayan kwabon azurfa har bakin gefe, don in an yanka a gani. Bai hana ba. Zuwa shekarun 1690 tsofaffin kuɗin da ke yawo a Ingila sun zube kusan rabin nauyinsu, dole a 1696 aka janye su kaf aka sake bugawa, har aka ƙaƙaba harajin tagogi don cike giɓin. Rubutun da aka sa a gefen manyan kuɗin tun 1662 da Latin yake, DECUS ET TUTAMEN, wato ado ne kuma kariya.

Aikin Newton na gaske shi ne farauta. Yana da 'yan leƙen asiri a mashaya da gidajen yari, yana yi wa mutane tambayoyi da kansa. Babban kamunsa William Chaloner, wanda ya kai ga zuwa majalisa yana ba da shawarar yadda za a hana jabu alhali shi ne uban tafiya. An rataye shi a 1699.

Ɗalibin Bamingam:
Na karɓi gyara Baba, Allah ya ƙara girma. Amma bari in fanshe da abin da na gani da idona. Ɗan Fagge, ka samo gilashin ƙara girma ka duba kwabbanka da sulallanka. In ka ga ƙaramin harafin H, a gidan Heaton aka buga shi. In KN ne, na King's Norton ne. Dukansu a nan Bamingam suke. Na kan yi dariya in na tuna kuɗin cefanen kakanninmu daga wannan garin mai ruwan sama kullum aka yi lodinsu.

Malamin Zaure:
Ina bin ku a hankali. Wannan yankan bakin kuɗi da Baba ya ambata ba baƙon abu ba ne a littattafanmu. A Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo maganar Sa'id ɗan Musayyib cewa yankan zinariya da azurfa yana cikin ɓarna a bayan ƙasa. Wasu masu tafsiri ma da suka zo kan mutanen Annabi Shu'aibu, inda suke cewa a bar su su yi yadda suka so da dukiyarsu, sun ce daga cikin abin da ya hana su har da yankan dinari da dirhami.

Kuma magabata ba wa'azi kaɗai suka tsaya yi ba. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya yi shekaru yana gwada fasali daban-daban, har da dinarin da ke ɗauke da hoton halifa a tsaye riƙe da takobi, kafin a shekara ta 77 bayan Hijira ya tsaya a kan dinari mai rubutu zalla, nauyinsa wajen giram 4.25. Shi ne miskalin da muke ji a babin zakka. Rubutun da ya zagaye bakinsa, in aka yanki wani abu sai ka ga haruffa sun guntule. Abin da ya fi burge ni shi ne ma'aunan gilashi da aka riƙa yi a Masar, masu hatimin hukuma. Ma'aunin ƙarfe ana iya goge shi a rage masa nauyi ba a gane ba. Gilashi kuwa in ka taɓa shi sai ya tona maka asiri.

Uwar Biyu:
Allah ya gafarta Malam, to ni har yanzu ba a faɗa mini ba: mene ne shi kuɗin gwajin da ɗan damfarar can ya fake da shi? Akwai shi da gaske, ko shi ma tatsuniya ce irin ta dutsen guga mai jan shinkafa?

Baban Anini:
Akwai shi Hajiya, kuma ni shi ne ciwon da ya kama ni bayan na yi ritaya. Sai dai sunan ya haɗa abubuwa da yawa da ba ɗaya ba ne.

Akwai samfuri, wato a zana sabon kuɗi a buga 'yan kaɗan a kai wa masu mulki su ce e ko a'a. Akwai gwajin hatimi, inda mai sassaƙa ƙarfen bugu zai danna shi a kan dalma ko wani ƙarfe mai laushi don ya ga yadda aikinsa ya fito, sau da yawa ma fuska ɗaya ce kawai. Akwai gwajin ƙarfe: zane ɗaya, a buga shi da haɗi iri-iri a ga wanda ya fi juriya da wuyar kwaikwayo. Cikin sulallan Afirka ta Yamma akwai irin waɗannan, za ka ga an buga musu kalmar SPECIMEN ko TRIAL ɓaro-ɓaro a fili. Ɗan Fagge, naka ba shi da ko ɗaya, na duba.

Sarkinsu duka a wurina shi ne wanda Thomas Simon ya yi a 1663. Shi ne gwanin sassaƙa na Ingila tun zamanin Cromwell, wanda ya riƙe ƙasar lokacin da aka kifar da sarauta, sai Sarki Charles na biyu ya dawo mulki ya fifita John Roettiers, mutumin Antwerp. Simon bai rubuta takardar koke ba. Ya zauna ya sassaƙa babban kuɗin azurfa mai kan sarki, gashin nan kamar ka taɓa ya motsa, sannan a gefensa, wurin da bai kai kaurin ƙwayar shinkafa biyu ba, ya jera layi biyu na rubutu yana roƙon sarki ya gwada wannan aikin da na baƙon, in nasa ya fi kyau a share masa hawaye. Ku duba hikimar: koke ne, kuma hujja ce cewa ya fi kowa iya rubutun gefe, wanda shi ne makamin yaƙi da masu almakashi a lokacin. Sarki bai sauya ra'ayi ba. Simon ya rasu a 1665, shekarar babbar annobar Landan. Waɗanda suka rage ba su kai ashirin ba, kuma a 2024 an sayar da ɗaya a kusan dala miliyan guda.

Hajiyar Zango:
Baba ka yi haƙuri, ni fa nan muka raba hanya. Ina tara tsofaffin kuɗi shekara goma sha biyar a nan Kumasi, amma ban taɓa sha'awar na gwaji ba. Kuɗin da bai taɓa shiga kasuwa ba, bai sayi goro ba, ba a ƙulle shi a bakin zane ba, wane labari gare shi? Daga aljihun tebur na ma'aikaci ya tafi akwatin attajiri. Ni liyarin da kakata ta rataya a wuya, wato kuɗin azurfar nan na Austria, har kan sarauniyarsu Maria Theresa ya shafe ya fi mini Simon ɗinka.

Af, tunda ana maganar gefe, liyari ma yana da rubutu a gefensa, IUSTITIA ET CLEMENTIA, adalci da rangwame. Kuma duk 1780 ake rubutawa ko yaushe aka buga shi, don fatake sun saba da shi haka, in an sauya ko ɗigo sai su ƙi karɓa. Tsofaffi har ƙirga duwatsun da ke kafaɗar matar da na kambinta suke yi.

Baban Anini:
Hajiya ban ƙi taki ba. Amma kuɗin kasuwa amsa kawai yake nuna miki. Na gwaji shi ke nuna tambayar, da amsoshin da aka zubar. Misali a 1792 Amurka tana son kwabonta ya ƙunshi ƙarfen da ya kai darajar kwabo, amma in da jan ƙarfe zalla ne zai yi girma da nauyi. Sai suka gwada huda tsakiyar ƙaramin kwabo su cusa ɗigon azurfa. Aikin ya yi wahala, aka watsar. Wajen dozin guda suka rage. In ba don su ba, wa zai san an taɓa wannan tunanin, shekara ɗari biyu kafin mu ga naira ɗaya da naira biyu masu ƙarfe biyu na 2007?

Uwar Biyu:
Waɗanda ko mai sayar da ruwan leda bai karɓa ba.

Ba-Damagare:
Salamu alaikum, daga wannan ɓangaren iyaka. Mu Faransa ta raine mu da kalmar ESSAI, ma'anarta gwaji. Gidan buga kuɗi na Paris in zai fitar da sabon kuɗi sai ya buga wasu da wannan kalmar ƙarama a jiki. Tamma ɗaya da tamma biyu, wato faran ɗaya da faran biyu, na 1948 masu kan barewa, na kashewa da alminiyam aka yi su, amma na ESSAI da wani farin ƙarfe mai nauyi. Akwai ma na azurfa masu kan Diori Hamani, shugaban Nijar na farko, da shekarar 1960. Sai dai gaskiya ina bayan Hajiya rabi. Yawancin ESSAI ba gwajin komai aka yi da su ba, an buga su ne a raba wa manya a kuma sayar wa masu tarawa. Sunan gwaji ne, aikin kasuwanci. Shi ya sa farashinsu bai kai yadda mutane ke zato ba.

Kuma ƙarfe biyu ba ya hana ɓarawo. A 2003 aka kawo mana dala ɗari, wato sefa 500, ta tsaba mai ƙarfe biyu, ba a daɗe ba mata a kasuwa suka fara jujjuya ta suna ƙin karɓar wadda ba su yarda da ita ba.

Ɗalibin Bamingam:
Haka aka yi a nan Ingila. Fam ɗaya na tsaba da aka fito da shi a 1983, mai wancan rubutun Latin ɗin a gefe, ya kai matsayin da gidan buga kuɗi da kansa ya ce kusan ɗaya cikin talatin jabu ne. Sai a watan Maris na 2017 aka kawo sabo mai kusurwa goma sha biyu da ƙarfe biyu. Kafin ya fito an raba na gwaji sama da dubu ɗari biyu ga kamfanonin injinan sayar da kaya da na fakin mota don su saita injinansu, an rubuta TRIAL PIECE a jiki. Yanzu suna yawo a kasuwar intanet, kuma abin dariya, har na gwajin an yi jabunsa.

Baban Anini:
To ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni kaina an taɓa yi mini. Shekarun baya na sayi wani "gwajin hatimi" na dalma daga wani dillali a intanet, fuska ɗaya, hoton ya yi kyau. Da ya iso na sa gilashi sai na ga wata 'yar ƙarzuwa a kumatun sarki, kuma ƙarzuwar ba ta da ƙyalli, launinta ɗaya da sauran jikin. Wato daga wani sule da ya sha yawo aka ɗauki zubin, har da tabonsa. Hatimi sabo ba ya zuwa da tabon kasuwa. Kuɗina sun tafi, dillalin ya rufe shafinsa.

Matsalar kuɗin gwaji ke nan. Sule na kashewa kana da dubunsa da za ka gwada da shi, nauyi sananne, faɗi sananne. Na gwaji kuwa an ce maka dama daban yake, to da me za ka auna? Duk abin da ya saɓa sai a ce ai gwaji ne. Don haka manyan masu tarawa ba kuɗin kaɗai suke saye ba, har da salsalarsa: daga akwatin wa ya fito, a wane gwanjo aka taɓa sayar da shi, akwai hotonsa a tsohon kundi?

Hajiyar Zango:
Kuma ko salsalar ta yi kyau akwai wani rami. Matthew Boulton mai gidan buga kuɗi na Soho, can garin su Ɗalibi, shi ya fara buga kuɗi da injin tururi. Kwabonsa na 1797 nauyinsa oza guda cur, da faffaɗan baki mai rubutu a nutse, don mai jabu ya rasa riba kuma ya rasa injin da zai yi irinsa. Shi ya buga wa kamfanin fataken Ingila na nan Gwalkwas, wato Ghana ta yau, kuɗin azurfa da ake kira ackey a 1796, har aka yi kuskuren rubuta sunan majalisa, aka bar harafi ɗaya. To da aka rufe Soho aka yi gwanjon kayanta a 1850, wani mai sassaƙa a Landan, W. J. Taylor, ya samu tsofaffin hatimai. Ya goge tsatsa ya ci gaba da bugawa, wani lokaci ya haɗa gaban wannan da bayan wancan, ya fitar da "samfurin" da Boulton bai taɓa gani ba. Hatimin na gaske, bugun na bayan fage. Baba, wannan jabu ne ko ba jabu ba?

Baban Anini:
Hajiya kin kama ni. Masu tarawa suna kiransa sake-bugu, suna saye da saninsu, da sharaɗin a faɗa. In aka ɓoye, ya zama zamba.

Malamin Zaure:
A fiƙihu ma hukuncin ke nan, ɓoye aibi shi ne algus. Amma ina da tambaya ga masana: duk wannan tsaro an yi shi ne don talaka kada ya cuci hukuma. In hukumar ce ta yi algus fa?

Baban Anini:
Ta sha yi, Allah ya gafarta Malam. Henry na takwas daga 1544 ya riƙa rage azurfar kuɗinsa yana ƙara jan ƙarfe, har ta koma kashi ɗaya cikin uku. Da kuɗin ya ɗan sha hannu sai hancin sarki, da yake shi ya fi tsini, ya fara yin ja. Mutane suka laƙaba masa mai jan hanci. Amma akwai wata al'ada da Ingila ke yi tun ƙarni na 13 har gobe: daga kowane bugu a ware wasu a kulle a akwati, sannan a zauna kotu sosai, da alƙali, maƙeran zinariya na Landan su ne masu yanke hukunci, su ƙirga, su auna, su narka wasu su gwada da wani sallen ƙarfe da aka ajiye a matsayin ma'auni. Newton da kansa ya sha da ƙyar a zaman 1710, aka ce zinariyarsa ta gaza, shi kuma ya dage cewa sallen da aka auna da shi ne ya wuce ƙa'ida.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, na toshe lambar mutumin. Baba, aninan fa? Ɗaya mara nauyi ne kamar murfin kwalba, ya yi fari-fari ya ci, an rubuta 1908. Sannan ga hoton ɗaya sulen da ban sa ba da farko don ya yi muni. 1926 ne, gefensa ba kwarmi.

Baban Anini:
Aninin nan ka adana shi. Alminiyam ne. A 1907 aka fara buga shi, kuma yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya. An yi shi ne don ya maye gurbin kuɗin wuri a ƙananan ciniki, goma ke yin kwabo, ga huda a tsakiya don a zura a zare, ga rubutun Larabci. Gumi da damina suka cinye shi, a cikin 1908 ɗin aka koma farin ƙarfe mai nikel. Kusan a ce gwaji ne aka yi a aljihun kakanninmu. Amurka ma ta gwada kwabon alminiyam mai shekarar 1974, ta buga sama da miliyan ɗaya da rabi, masu injinan sayar da kaya suka ƙi, likitocin yara suka ce in yaro ya haɗiye da wuya hoton asibiti ya nuna shi, aka narke su. Har yau gwamnatinsu na cewa duk wanda ya tsira nata ne.

Sulen 1926 kuwa, Maƙeri zo ka gani.

Maƙerin Fari:
Na gani. Ɗan Fagge, ka ɗora shi a kan yatsa ka ƙwanƙwasa shi da ɗayan, sannan ka yi wa na 1938 haka. Ka kuma jera su ka ga ko faɗinsu ɗaya. Ka duba ganyen kwakwar, sun rabu ɗaya-ɗaya ko sun cakuɗe?

Ɗan Fagge:
Na 1938 ya yi ƙara mai tsawo, tinnn. Wannan kuwa ƙwas kawai, kamar an buga cokali a katako. Ya ɗan fi ƙanƙanta kaɗan. Ganyen sun haɗe kamar an shafa musu man shanu, ga ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a wuyan sarkin. A gefe kuma akwai wani wuri da haƙoran suka ɓace, ya yi sumul.

Maƙerin Fari:
Shi ke nan, zubi ne. Ramukan iska ce da ta maƙale a narkakken ƙarfe. Ƙanƙantar kuma ƙarfe in ya huce yana tsukewa. Wurin da ya yi sumul nan ne bakin kafar da aka zuba, aka karye aka goge da magagari. Ka kai wa masu sayar da gwal su ɗora maka a sikelinsu, na gaske wajen giram 5.6 yake. Amma ko ba a auna ba na sa hannu.

Baban Anini:
Allahu akbar. Ɗana, ka zo neman kuɗin gwaji ka tashi da abin da ya fi shi wuyar samu a wurinmu: jabun zamaninsa. Irin wannan hukuma na kamawa ta lalata, wanda ya gane an cuce shi kuma jefarwa yake. Ga cutar ga maganin a ƙulli ɗaya. Masu nazarin harshe ma suna danganta kalmar jabu da sunan Ijebu, don a shekarun nan an yi ta shari'ar masu zubin sulalla daga wancan yankin.

Uwar Biyu:
A dai yi a hankali da wannan, muna da 'yan Ijebu a gidan nan, mutanen kirki. Kowane gari da nasa gwanayen.

Baban Anini:
Gaskiyarki Hajiya, tarihin kalma na faɗa, ba halin mutane ba. Ɗan Fagge, kada ka wanke shi, kada ka goge shi da toka ko lemon tsami. In za ka rabu da shi ni ina so, kuma zan ba ka fiye da kuɗin na gaskiyar.

Hajiyar Zango:
Baba da ka gama yi mana wa'azin Simon, ga ka kana zawarcin kuɗin da ya sha kasuwa.

Ɗan Fagge:
Baba ka yi haƙuri, ba zai sayu ba. Na kai wa Umma hoton ina ba ta labari, sai ta yi dariya har da hawaye. Ta ce ta san shi. Wai kakarmu tana yarinya tana tallan fura aka ba ta shi a tasha, ta ba da canji, ta dawo gida uwarta ta buga shi a dutsen niƙa ta ji ƙwas. Ranar ta sha duka, kuma aka hana ta kai shi ko'ina don kada 'yan doka su kama ta da shi. Umma ta ce duk sanda za a aike su kasuwa suna yara sai ta kwance ƙullin ta ba su su ji ƙarar biyun. Yanzu ta karɓe ƙullin gaba ɗaya ta sa a jakarta. Da ƙyar ta bar ni in kai shi sikeli gobe, kuma ta ce ƙanwata ta raka ni.